Gishiri Ɗaya Ne, Awon Ne Ya Bambanta

 

Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu malamai, iyayena mata da na hango can baya an shimfiɗa muku tabarma, ƙannena da 'ya'yana, barkanmu da war haka.

Da aka aiko mini cewa in zo in yi magana a kan dabarun gida da magungunan da muke haɗawa a tsakar gida, sai da na yi dariya. Na ce wa ɗan aiken, kowace tsohuwa da za ta zo wurin nan ta fi ni sanin saiwa da ganye da sassaƙe, me zan gaya musu? Ya ce dai a zo. To ga ni na zo. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina aikin jinya, fiye da rabinsu a ƙananan asibitocin karkara inda wani lokaci fitilar ƙwai ce hasken dare. A tsawon shekarun nan da wuya aka kawo mini mara lafiyar da ba a fara yi masa magani a gida ba. Wasu maganin gidan ne ya riƙe su har suka iso da ransu. Wasu kuwa, Allah Ya jiƙansu, abin da aka yi musu a gida ya fi ciwon da ya kama su illa. Saboda haka ban zo da sabon magani ba. Na zo da cokali, ga shi nan a kan tebur, da gishiri da sukari da ledar ruwa biyu, kuma kafin mu tashi za mu yi aiki da su.

Bari in fara tuna muku wani dare. A ranar 20 ga Yulin 2014 wani mutum ɗan Laberiya mai suna Patrick Sawyer ya sauka a Legas ɗauke da cutar Ebola. Tsoro ya cika ƙasa. Farkon watan Agusta, cikin tsakar dare, wayoyi suka fara ƙara gida gida. Ni ƙanwar mahaifina ce ta kira ni wajen ƙarfe uku, muryarta na rawa, ta ce, "Ke 'yar nan, tashi ki tashi yara, a dafa ruwa a zuba gishiri a yi wanka, a sha kuma, kafin gari ya waye." Na ce, Gwaggo, wa ya faɗa? Ta ce an faɗa. Na ga wasunku suna murmushi, na san an yi wankan a gidajenku. Ba abin kunya ba ne, uwa ce ta ji tsoro ta yi abin da ke hannunta. Amma kafin kwana biyu an ba da labarin mutuwar aƙalla mutum biyu, an kwantar da wasu da dama a asibiti, musamman masu hawan jini. Ebola ba ta kusanci garuruwansu ba. Gishirin miya ne ya kwantar da su.

Wannan gishirin dai, shi ne kuma ya ceci yara miliyoyi a duniya daga mutuwar gudawa. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangaladesh, 'yan gudun hijira suka cika sansanoni a kan iyakar Indiya, kwalara ta ɓarke a cikinsu. A wani sansani a garin Bangaon akwai wani likitan yara mai suna Dilip Mahalanabis. Ruwan da ake ƙara wa mutum ta jijiya ya ƙare masa, ma'aikata ba su kai ba, mutane na mutuwa a kwance a ƙasa. Sai ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari da wani sinadari a cikin manyan durom na ruwa mai tsabta, ya ce wa 'yan uwan marasa lafiya kowa ya ɗebi kofi ya riƙa ba nasa. Masu mutuwa suka ragu daga kusan 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Daga baya wata ƙungiya mai suna BRAC ta bi gidajen Bangaladesh ɗaya bayan ɗaya tun daga 1980, tana zama da uwaye tana koya musu haɗin. A nan Najeriya kuma, waɗanda suka manyanta za su tuna zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, lokacin da rediyo ba ya wuni bai ambaci ruwan gishiri da sukari ba.

Me ya sa yake aiki? Gudawa ba ta kashe yaro da kanta, ƙarewar ruwan jikinsa ce ke kashe shi. In ka ba shi tsurar ruwa, hanjin da ke fama da gudawa ba ya iya tsotse shi yadda ya kamata, kuma gishirin jikin da ya zube bai dawo ba. To a bangon hanji akwai wata ƙofa da ba ta buɗe wa gishiri shi kaɗai, sai ya zo tare da sukari, kamar baƙon da ba ya shiga gida sai ɗan gida ya yi masa jagora. In suka shiga tare, ruwa ya bi bayansu. Ikon Allah, wannan ƙofar ko kwalara ba ta rufe ta. Amma ƙofar tana da awonta. Sukari ya yi yawa, sai ya janyo ruwa daga jiki zuwa cikin hanji, gudawar ta ƙaru. Shi ya sa lemon kwalba da muke ɗura wa yaro mai gudawa don ya samu ƙarfi ƙara masa wahala yake yi. Gishiri kuma ya yi yawa, yaro na iya jijjiga, ƙwaƙwalwarsa ta taɓu.

Ga awon, ku riƙe shi kamar lambar wayarku. Ruwa mai tsabta lita ɗaya, wato ledar fiya-wata biyu, domin kowace leda rabin lita ce. Sukari cokalin shayi shida. Gishiri rabin cokalin shayi. Kuma cokalin a shafe bakinsa, ba irin awon da kike so mai hatsi ya yi miki ba, wanda mudu ke fitowa da tozo. A motsa har ya narke. Yaron da bai kai shekara biyu ba, a ba shi rubu'in kofi zuwa rabi bayan kowane zawo, da cokali, kaɗan kaɗan. Wanda ya fi haka, rabin kofi zuwa kofi guda. In ya yi amai kada ki ce ya ƙi, ki dakata minti goma ki ci gaba a hankali. Nono kada a tsayar, abinci kada a hana. Abin da ya kwana ya wuni, wato ya cika awa 24, a zubar a haɗa sabo.

Wanda ake sayarwa a ƙunshe a kemis ya fi na gida, don an auna shi da ma'auni kuma an ƙara masa abin da na gida ba shi da shi. Kuɗinsa ba shi da yawa. Maigida, kai nake wa magana yanzu: ka sayi ƙunshi huɗu ko biyar ka ajiye a inda ake ajiye katin rigakafi, tare da ƙwayar zinc, wadda tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a riƙa haɗawa da shi kwana 10 zuwa 14. Ba a fafe gora ranar tafiya, gudawa kuwa ta fi son zuwa da ƙarfe biyun dare lokacin da kemis ya rufe.

Abin da ya fi ci mini rai a aikina shi ne kalmar nan "haƙori ne". Yaro ya kwana uku yana tsiyaya, a ce haƙori yake fitarwa, a ɓare kafson nan ja-da-yalo a zuba masa a koko, a ɗaura masa laya a wuya, a jira. Lokacin fitar haƙori shi ne lokacin da yaro ke rarrafe yana kai duk abin da ya tsinta baki, shi ya sa suke zuwa tare. Haƙorin ba shi da laifi. Idan kika ga maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, ya daina fitsari, ya yi laushi ba ya iya tsotso, ko kika ja fatar cikinsa ta tsaya ba ta koma da wuri ba, ko akwai jini a kashin, ko zawon ya zama fari kamar ruwan wankin shinkafa, to aikin gida ya ƙare. Ki goya shi, ki riƙe kofin kina ba shi a hanya, amma hanyar asibiti.

Tunda an ce ruwa mai tsabta, bari in ɗan taɓa randa. Alif da muke kaɗawa a ruwan rafi yana kwantar da laka, haka ma ƙwallon zogale in an daka, wanda matan ƙauyukan Sudan da ke bakin kogin Nilu suka daɗe suna amfani da shi. Dabara ce mai kyau. Sai dai ruwan da ya yi garau ga ido bai zama lafiyayye ba, ƙwayar kwalara ba a ganinta. Bayan ya kwanta sai a tafasa shi ya yi ɓul-ɓul na minti guda, ko a sa masa maganin ruwa bisa awon da ke jikin kwalbar a jira rabin awa. In itace ya yi tsada, rana ba ta yi ba: a zuba ruwan da ya riga ya washe a gorar roba fara mai nuna ciki, a kwantar da ita a kan kwano cikin rana tsaka awa shida, hasken rana zai yi aikin. Sannan moɗa. Sau nawa aka tafasa ruwa aka zuba a randa, yaro ya dawo daga bayan gida ya zura moɗa da hannunsa har gwiwa? A samo moɗa mai dogon mariƙi, a rataye ta, a rufe randar.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na zo zagin abin da muka gada. Randar nan da na ambata, wani ɗanmu ya ɗauke ta ya kai ta gaban duniya. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya taso a gidan magina tukwane. Ya lura da abin da kowace kaka ta sani, cewa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, sai ya tambayi kansa dalili. Dalilin shi ne randa tana zufa: ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska na busar da shi, yana tafiya da zafi, kamar yadda kake jin sanyi in iska ta kaɗa ka kana jiƙe. Sai ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da yashi, ya jiƙa yashin, ya zuba kayan miya a ta cikin, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yalon da ke yamutsewa a kwana 3 ya kai kwana 27. Tumatir da tattasai suka yi mako uku. Alayyafon da ba ya kwana ya yi kwana 12. Da kuɗin aljihunsa ya sa magina suka yi dubbai ya raba a ƙauyuka, kuma ɗaya daga cikin abin da ya dame shi shi ne 'yan matan da ake hana makaranta don su yi tallan kayan gwari kafin su lalace. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi kyautarsa ta dala 75,000. Dabarar ta kai har Darfur.

Ita ma tana da ƙa'idarta. A ajiye ta a inuwa inda iska ke ratsawa, a jiƙa yashin safe da yamma. Ta fi aiki da rani da bazara lokacin da iska ta bushe, da damina kuwa ƙarfinta na raguwa don iskar kanta a jiƙe take. Kuma ba firij ba ce, kada a ajiye nama ko kifi ɗanye a ciki a ce za su yi mako. Abin mamaki, na shiga gidaje da yawa na tarar da firij babu wuta an mai da shi kabad ɗin kwanuka, tumatir na ruɓewa a kwando a gefensa, magina tukwane kuma suna bayan gari.

Wake ma haka. Iyayenmu suna tankaɗe toka su cakuɗa da wake, mudu da mudu, su zuba a tulu su liƙe bakinsa da laka. Tokar na cike gurbin da ƙwaro zai yi yawo, liƙewar na hana shi iska. Masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka, tare da abokan aikinsu a Marwa ta arewacin Kamaru, a kan wannan hikimar suka gina buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, a matse iska a ɗaure kowanne daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye ɗan iskar da ta rage su mutu, babu magani ko ɗigo. In ba ki da buhun, jarka mai murfi da ba ta taɓa fetur ko kananzir ba ta isa. Ki shanya waken ya bushe ƙarau, wanda in kika ciza zai ce ƙas, ki cika jarkar har wuya, ki sa leda a bakin ki murɗa murfin, kada ki buɗe sai ta yi wata biyu.

To me muka koma yi? Muka bar toka muka kama fiya-fiya. Ana yayyafa wa wake da busasshen kifi maganin ƙwari mai sinadarin dichlorvos, wanda aka yi don gona. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan sinadari da ta samu a ciki. Su sun ƙi, mu muka ci abinmu da mai da yaji. Akwai kuma ƙwayar nan da ake jefawa a buhun hatsi tana fitar da iska mai guba. Wannan ta sito ce, sito mai nisa da ɗakin kwana. Na taɓa karɓar yara uku 'yan ɗaki ɗaya da asuba suna amai suna numfashi da ƙyar, aka yi ta cewa abincin dare ne. Da muka matsa da tambaya, ashe buhunan masara ne jingine a ƙuryar ɗakin da suke kwana, an sa musu ƙwayar da yamma. Biyu suka tashi.

Yanzu in zo kan inda tausayi ke sa mu ɓarna. Da hunturu, lokacin da ake kwana da kaskon wuta kuma ruwan wanka na kan murhu, ba a mako ba a kawo mana yaron da ya ƙone ba. Kuma da wuya ya zo da ƙunarsa kawai. Ya zo an fasa masa ɗanyen ƙwai, ko an shafe shi da makilin, ko manja, ko baƙin mai, ko an barbaɗa masa gishiri ko garin kwaki. Na san dalili: yaro na ihu, uwa ba za ta iya tsayawa hannu rabbana ba. Amma ki sani, bayan an janye yaro daga wuta naman na ci gaba da dahuwa a ciki, kamar dankalin da aka sauke yana ci gaba da nuna. Maiƙo rufe zafin yake yi a ciki, ƙwai kuma abincin ƙwayoyin cuta ne, sannan mu a asibiti sai mun kankare duk abin da aka shafa kafin mu ga ciwon, yaro ya sha azaba sau biyu. Abin da ƙuna ke so yana cikin randarki. A yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti ashirin, ba ƙanƙara ba, ruwan randa ko na famfo. Minti ashirin na da tsawo in yaro na kuka, ki duba agogo, kada ki bi zuciyarki. A cire zobe da awarwaro kafin wuri ya kumbura. Rigar da ta manne kada a fizge ta. Kada a fasa ƙurjin da ya ɗuri ruwa. A lulluɓe sauran jikin kada sanyi ya kama shi, a rufe ciwon da tsumma mai tsabta. In ƙunar ta fi tafin hannun mai ita, ko tana fuska, ko hannu, ko gaba, ko jariri ne, sai asibiti.

Kaskon nan kuma, kada a kwana da shi a ɗaki a rufe ruf. Gawayi na fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci ta wuce da shi. Janareta a soro ko a baranda kusa da taga, hukuncinsu ɗaya.

Kananzir shi ma. Mu ne muke zuba shi a gorar lemo mu ajiye a ƙasan gado, yaro ya ga gorar da ya saba sha ya kafa kai. Sai a ɗura masa manja ko madara, a zura masa yatsa a maƙogwaro don ya amayar. Kananzir a ciki bai kai haɗarin kananzir a huhu ba, kuma amai shi ne hanyar da yake bi ya faɗa huhun. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa komai. A cire rigar da ta jiƙe, a wanke masa jiki, a tafi da shi tare da gorar. Haka wanda ya faɗi yana jijjiga: ba a cusa masa cokali a baki, ba a ɗura masa ruwa ko rubutu yana cikin halin, ba a kara ƙafarsa a wuta. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, in ya lafa a kwantar da shi ta gefe, in jijjigar ta wuce minti biyar a nemi mota. A irin waɗannan wurare ne karin maganar nan ta fi gaskiya, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Wasu dabarun kuwa ku ci gaba da abinku. Zuma cokali guda da dare tana sauƙaƙa tarin mura, likitoci ma sun yarda, sai dai ban da jaririn da bai cika shekara ba, don hanjinsa bai iya kare kansa daga wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta ba. Man kaɗanya a kan faso bayan an jiƙa ƙafa da dare, babu abin da ya fi shi. Haɓo kuma, yaro ya sunkuya gaba, ba ya ɗaga kai sama yana haɗiyar jini ba, a matse tattausan hancin minti goma ba sakewa.

Na bar mai nauyin a ƙarshe, kuma iyayena mata ku yi mini afuwa, na san inda zan taka. Jego. Kwana arba'in na wankan ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma, da kunun kanwa, a wasu wuraren da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Akwai alheri mai yawa a jego: mace ta huta, a ciyar da ita, a ɗauke mata aiki, tsohuwa ta zauna kusa da ita. Wasu ƙasashen da suka fi mu asibitoci ba su da wannan gata. Amma tun shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta yadda ciwon zuciyar bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa fiye da kusan ko'ina, suka kuma ɗora zargi a kan yawan kanwa da tsananin zafi. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta ya nuna cewa maganar ta fi haka faɗi: akwai talauci da rashin abinci mai gina jiki, da hawan jinin masu ciki, da ƙarancin wani sinadari mai suna selenium. Saboda haka ba zan tsaya nan in ce kanwa ce kaɗai ba. Abin da zan ce shi ne kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, kuma zuciyar da ta yi wata tara tana aikin mutum biyu ba ta bukatar ƙarin kaya. A rage kanwar ta zama ɗanɗano. A surka ruwan ya zama wanda hannun mai yi mata wankan zai iya zama a ciki, don na yi jinyar masu jegon da ganye ya saɓule musu fatar baya. Mai hawan jini kuwa ta bar kanwa gaba ɗaya.

Sannan ku sa ido. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, take haki in ta je bayan gida, take tari da dare, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da matashi, ba sanyi ne ya shige ta ba. Na sha jin an ce sanyi ne, sai a ƙara wuta a ƙara kanwa. Zuciyarta ce ke neman taimako, kuma in an kai ta da wuri akwai magani. Surukai, wannan a hannunku yake, don ita kunya ba za ta bar ta ta ce ta gaji da wanka ba, mijin kuma an ce masa ba hurumin maza ba ne.

Na ga shugaba yana duban agogo, kuma la'asar ta gabato. Hajiya, ke da ke gaba mai mayafi ruwan toka, taso don Allah ki taimaka mini, ki wanke hannu ga buta nan. Fasa ledar biyu a cikin jug ɗin. Sukari shida, kina shafe bakin cokalin da bayan wuƙa, jama'a ku ƙirga mata. Yauwa. Gishiri rabi. A'a Hajiya, wannan hannun miya ne, rage. To motsa. Yanzu a zuba a ƙananan kofunan nan a zagaya da su, har can baya wurin iyayena, kowa ya ɗan kurɓa ya riƙe ɗanɗanon a harshensa. In wanda kuka haɗa a gida ya fi hawaye gishiri, a zubar a sake. Masu tambaya kuma su fara ɗaga hannu kafin kofin ya iso gare su.